Gasar Kofin Ƙalubale ta 2019: Bayani a Kan Tsarin Sili-Ɗaya-Ƙwale da Rabon Ƙananan Garuruwa Cikinsa

1. Gabatarwa

A cikin wasannin da Turawa suka kawo ƙasar Hausa babu wanda ya kama ƙasa kamar ƙwallon ƙafa, wanda mutanen dā su ke kira tamaula. Kurket bai wuce 'yan makarantu kaɗan ba, folo kuwa sai sarakuna da masu hali, amma ƙwallo ya ratsa birni da ƙauye, har ba safai a kan sami garin da ba shi da fili da turaku huɗu ba.

Gasar ƙwallo iri biyu ce. Akwai wadda kowace ƙungiya ta kan kara da 'yan'uwanta duka, gida da waje, ana tara maki har shekara ta juyo, wadda ta fi maki ita ce zakara. Wannan ita a ke kira lig. Akwai kuma wadda in an ci ƙungiya sau ɗaya ta fita ke nan, sai baɗi in da rai. Wannan ita ce gasar cin kofi, Hausawa kuma suka yi wa tsarinta suna sili-ɗaya-ƙwale. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana yadda tsari na biyu ya ke aiki, a ɗauki gasar Kofin Ƙalubale na Nijeriya ta shekarar 2019 a yi misali da ita, sa'an nan a duba inda garuruwa irin Wurno da Rabah da Goronyo, na gabashin Jihar Sakkwato, su ke tsaye a cikin sha'anin. Gama dai wannan kofi shi ne tsani guda ɗaya wanda ƙafarsa ke ƙasa a ƙaramin gari, kansa kuwa yana can a filin wasan ƙarshe na ƙasa baki ɗaya.

2. Asalin kofin

Tushen irin wannan gasa daga Ingila ya ke. A can ne aka fara Kofin FA a kakar 1871 zuwa 1872, ƙungiyoyi 15 suka ba da sunayensu, Wanderers ta ci Royal Engineers 1 da nema a wasan ƙarshe. Wanda ya kawo shawarar, Charles Alcock, ya ɗauko ta ne daga gasar da a kan yi tsakanin gidajen kwanan ɗalibai a makarantarsu ta Harrow. Ya kamata malamai su lura da wannan, watau tun asali abin ɗan makaranta ne.

A Nijeriya an soma gasar a 1945, zamanin Gwamna Sir Arthur Richards, ana ce da ita Kofin Gwamna. Ƙungiyoyin Ikko, watau Legas, su kaɗai suka yi ta da fari, Marine ta ci Corinthians 1 da nema. Sunayen waɗanda suka riƙa ɗaukar kofin a shekarun farko, kamar Marine da Railway, sun isa su nuna wa mai karatu cewa ƙwallon wannan zamani na ma'aikatun gwamnati ne da na kamfanoni. Da aka buɗe wa sauran garuruwa ƙofa, sai ƙarfi ya bi hanyar jirgin ƙasa da ta jirgin ruwa, domin ba mai iya kai 'yan wasa goma sha ɗaya Ikko ya komo da su sai wanda ke kusa da tasha. Dogo ya isa Kano a 1911. A Lardin Sakkwato kuwa iyakarsa Ƙauran Namoda, inda ya tsaya a 1929, bai ƙarasa birnin Shehu ba, balle Wurno. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ba a jin sunan wannan nahiya a jerin zakarun dā.

A 1953 ƙungiyar Kano ta je Ikko ta ci Dynamos 2 da 1, ta zama ta farko daga wajen Ikko da ta ɗauki kofin. A 1954 Kano ta sāke kaiwa wasan ƙarshe, amma Kalaba ta rinjaye ta. Daga wannan shekara aka sāke wa gasar suna Kofin FA, a 1960 kuma, shekarar samun mulkin kai, ta zama Kofin Ƙalubale, sunan da ya zauna a bakin mutane har yau. Bayan haka sunan hukuma ya yi ta sauyawa bisa ga wanda ya ɗauki nauyi: Coca-Cola daga 1999, Kofin Tarayya daga 2009, Aiteo daga 2017, daga 2024 kuma Kofin Tarayya na Shugaban Ƙasa. Wanda aka yi a 2019 yana cikin zamanin Aiteo.

3. Yadda a ke shirya gasar

Gasar hawa biyu ce. Hawa na fari a jihohi a ke yinsa. Kowace jiha tana da hukumar ƙwallonta, ita ce ke shirya kofin jiha, kowace ƙungiya kuma da ta yi rajista ta biya kuɗin shiga tana da iko ta shiga, ko ta ƙwararru ce masu albashi, ko ta 'yan dagaji ce ta samarin unguwa. Bisa tsarin da aka fi bi a shekarun nan, wadda ta ci kofin jiha da wadda ta zo ta biyu su ne ke wucewa hawa na biyu.

Jihohi 36 ne, ga kuma Abuja, watau 37. In kowace ta kawo biyu, an sami 74. To, sili-ɗaya-ƙwale ba ya tafiya daidai sai da adadin da ke rabuwa biyu-biyu har ya kai ga ɗaya, kamar 8, 16, 32, 64. Saboda haka sai a tsamo ƙungiyoyi 20 daga cikin masu ƙaramin matsayi su yi wasan share fage guda 10, goma su fita, goma su tarad da sauran 54 da ke jira, a cika 64. Daga nan sai zagayen 'yan 64, da na 32, da na 16, da na takwas, da na kusa da ƙarshe, da na ƙarshe. A kan kai wasannin nan garin da ba na kowa ba cikin masu karawa, don kada wani ya ce an yi masa cin gida. A waɗansu shekaru an kan sa zagayen rukuni a tsakiya, amma ƙashin bayan abin bai sāke ba.

Lissafin wannan tsari mai sauƙi ne. Kowane wasa ƙungiya ɗaya ya ke fitarwa, kuma tilas a fid da kowa sai ɗaya. Ashe ke nan yawan wasanni kullum shi ne yawan ƙungiyoyi a ɗebe ɗaya: ƙungiya 74, wasa 73. Lig mai ƙungiya 20 kuwa, gida da waje, wasa 380 ya ke ci. Daga zagayen 'yan 64 nasara shida a jere ita ce kofi.

Sauran magana ita ce ta canjaras, domin tsarin bai yarda a tashi kunnen doki ba. A dā sai a sāke wasan wata rana, kamar yadda aka yi a 1972, sa'ad da Bendel Insurance da Mighty Jets ta Jos suka yi 2 da 2 a Ikko, aka koma Ibadan aka sāke, Insurance ta ci 3 da 2. Amma a 1970 masu tsara dokokin ƙwallo na duniya sun amince da bugun daga kai sai mai tsaron gida a matsayin raba gardama, a hankali kuma shi ya maye gurbin sāke wasa.

4. Gasar 2019

Ba a gane gasar 2019 sosai sai an waiwayi ta 2018. Ƙungiyar Kano Pillars, wadda magoya bayanta ke yi wa kirari da Masu Gida, an kafa ta a 1990. Ta ci lig sau huɗu, a 2008, 2012, 2013 da 2014, amma kofi ya ƙi ta. Ta kai wasan ƙarshe a 1991, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ci ta 3 da 2. Ran 24 ga Oktoba, 2018, ta sāke kaiwa, ta gamu da Rangers ta Inugu a filin Stephen Keshi na Asaba. Kyaftin Rabi'u Ali ya fara jefa ƙwallo a raga, aka tafi hutun rabin lokaci Pillars na da biyu, da aka komo ta ƙara na uku. Har saura ƙasa da minti 15 a tashi Rangers ba ta da ko ɗaya. Cikin ɗan wannan lokaci ta rama duka ukun, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida, ta ci 4 da 2. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Da a lig ne, da maki biyu kaɗai Pillars ta yi hasara, ta nemi ramuwa mako mai zuwa. A kofi kuwa aikin shekara ne ya zube cikin kwata guda.

A 2019 hukumar ƙwallon Afirka ta mai da farkon gasanninta watan Agusta, saboda haka tilas Nijeriya ta gaggauta nata don ta miƙa sunayen wakilanta kan kari. Aka raba lig rukuni biyu, aka kammala shi a watan Yuni, Enyimba ta Aba ta zo ta ɗaya, Pillars ta biyu. Niger Tornadoes ta Minna kuwa tana cikin waɗanda suka faɗa rukuni na ƙasa. Aka matse zagayen kofi na ƙasa cikin 'yan makonni a tsakiyar damina, da aka tace aka tace, sai ga waɗannan biyu sun rage: ta biyu a ƙasa duka, da wadda aka kora daga ajin manya.

An yi wasan ƙarshe ran Lahadi 28 ga Yuli, 2019, a ƙarshen watan Zulƙida na 1440, mako biyu kafin Babbar Salla, a filin wasa na Ahmadu Bello a Kaduna. Wanda ya dubi matsayin lig sai ya ce Pillars za ta yi wa Tornadoes cin kaca. Amma Tornadoes ba baƙuwar kofi ba ce, ta ɗauke shi a 2000, ta kuma kai wasan ƙarshe a 2017. Ta tsare gidanta har aka tashi babu ci. Aka koma ga bugun daga kai sai mai tsaron gida, abin da ya ka da Pillars a 2018, wannan karo kuwa ta ci 4 da 3, a ƙarƙashin mai koyarwa Ibrahim Musa, wanda shi ne aka yi wa ɓarin Asaba a hannunsa. Kofi ya koma Kano bayan shekara 66. Sai dai a lura, ƙungiyar 1953 zaɓaɓɓun 'yan wasan gari ne, ba Pillars ba, don haka ga ita Pillars wannan shi ne na fari.

Akwai wani abu da ya biyo baya wanda ya ƙara fito da halin kofi. Mai kofi shi ke wakiltar ƙasa a gasar Kofin Konfedereshan ta Afirka. Da ya ke Pillars ta riga ta sami gurbi a gasar Zakarun Afirka ta hanyar lig, sai gurbin kofi ya faɗa wa Tornadoes. Ƙungiyar da ta kāsa zama cikin manyan gida, ita ce ta ɗauki tutar Nijeriya ta kara da Santoba ta ƙasar Gini a watan Agusta. An fid da ita a zagayen farko, kamar yadda Asante Kotoko ta Kumasi ta fid da Pillars, amma dai ta je.

5. Abin da ya sa ƙarami ke ka da babba

Kada a ɗauka abin da Tornadoes ta yi gamon katar ne na shekara ɗaya. A 2021 Bayelsa United ta ɗauki kofin tana rukuni na biyu. A 2024 El-Kanemi Warriors, ita ma daga rukuni na biyu, ta ci Abia Warriors 2 da nema a Ikko. A 2025 Abakaliki FC, wata ta rukuni na biyu, ta kai wasan ƙarshe, sai a bugun daga kai sai mai tsaron gida Kwara United ta sha da kyar. Dalilin yana cikin tsarin kansa.

Mu ƙaddara, a misali, akwai ƙungiya mai ƙarfi wadda cikin kowane wasa goma ta kan ci takwas. A lig irin wannan ba ta da abokin gāmi, domin hasara biyun nan su kan nutse cikin yawan nasara. A kofi kuwa ana bukatar shida a jere ba tuntuɓe. In aka ninka takwas bisa goma sau shida, abin da ke fita wajen kashi 26 ne cikin ɗari, watau cikin shekara huɗu sau ɗaya ta ke da rabo. In bakwai ta ke ci cikin goma, rabon ya sauko wajen kashi 12. Ga shi kuma ƙwallo wasa ne mai ƙarancin ci, mai rauni yana iya tare ƙofa minti 90 ya jira bugun daga kai sai mai tsaron gida, inda ƙarfi ba ya tasiri kamar natsuwar zuciya. Lig yana auna wanda ya fi kowa a shekara, kofi yana auna wanda bai faɗi ba a ranakun da aka sa. Ma'auni biyu ne dabam, kowane da gaskiyarsa, kuskure ne a auna hatsin wannan da mudun wancan.

Wannan ma'auni na biyu ba baƙo ba ne ga mutanen ƙasar Sakkwato. A fagen kokawa kāyi ɗaya ke raba gardama, a dambe kuma da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, ko da wanda aka kashe ya shekara goma ba a taɓa shi ba. Waƙoƙin makaɗan maza, irin su Ɗan Anace mai waƙar Shago, a kan wannan rana ɗaya aka gina su. A Jamhuriyar Nijar, maƙwabciyar wannan yanki, an mai da kokawa gasar ƙasa tun 1975, inda aka fara a Tawa. Jihohi takwas ke kawo 'yan kokawa goma-goma, wanda duk aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi, har a rage biyu waɗanda bayansu bai taɓa ƙasa ba. Mai nazarin harshe zai ga shaidar wannan dangantaka a bakin masu ba da labarin ƙwallo a rediyo, gama kalmominsu na fage ne: karawa, kāyi, zakara, gwarzo, fitar da gwani, kece raini.

6. Wurno da Rabah da Goronyo

Garuruwan nan uku ba su rasa tarihi ba. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa ya ke. Goronyo tana da madatsar ruwa a kan Gulbin Rima wadda aka gama ginawa a 1984. Rabah ita ce mahaifar Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya zama hakimin Rabah a 1934. Shi kansa gwani ne a wasan nan na buga 'yar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Filin da aka yi wasan ƙarshe na 2019 sunansa ya ke ɗauke da shi.

To, ina hanyar da saurayin Rabah zai bi ya taka filin nan mai sunan ɗan garinsu? Ta lig hanyar tana da nisa ƙwarai. Sai ƙungiya ta hau daga rukunin 'yan dagaji zuwa na biyu, daga nan zuwa na ƙwararru, kowane hawa shekara guda ko fiye, kowace shekara da kuɗin mota da masauki da albashi, abin da sai gwamnatin jiha ko babban attajiri ke iyawa. Ta kofi kuwa, abin da a ke bukata shi ne rajista da hukumar jiha, da 'yan nasarori a kofin jiha har a kai wasan ƙarshe, wanda galibi a kan yi a filin Giginya cikin Sakkwato, gidan Sokoto United. Ko an ci su a wannan wasa, sun shiga cikin 74.

Har wa yau gajartar gasar ta dace da zaman wannan kwari. A wurare da yawa na ƙasar Hausa in an gama kaka samari su kan sami sarari, shi ya sa dambe da kokawa suka zama wasannin bayan girbi. Amma a fadamun Wurno da Goronyo, da an kau da amfanin damina sai a shiga noman rani, albasa da tafarnuwa da shinkafa da alkama. Wanda ke ban ruwa ba zai iya wasa 38 a shekara ba, amma zai iya huɗu ko biyar.

Ba a ce babu cikas ba. Filaye masu kyau kaɗan ne, alƙalan wasa masu takarda sun fi yawa a birni, ga kuma rashin tsaro da ya dami gabashin Sakkwato, wanda harin da aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021 ya ke cikin mafi muninsa. Inda tafiyar yamma ta zama abin tsoro, tara jama'a a fili ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka, gasar da za a iya gamawa cikin 'yan kwanaki a wuri guda, da rana tsaka, ta fi sauƙin tsarewa bisa wadda za a shekara ana bin hanya.

7. Abin da ya rage ga malamai

Matakin tsanin nan na ƙasa duka a makaranta ya ke, malamin da ya fito daga kwalejin horon malamai kuwa shi ne mai kafa shi. Ga ƙa'idodi huɗu da za su taimake shi.

Na ɗaya, a ƙidaya ƙungiyoyi, a nemi adadi mai rabuwa biyu-biyu da ke gaba da su, a ɗebe. In makarantu 11 ne, 16 a ɗebe 11 saura 5. Biyar ɗin nan su huta a zagayen farko, shidan su yi wasa uku, a sami takwas. Wasa 10 ke nan duka, maimakon 55 da za a yi in kowa zai gamu da kowa sau ɗaya.

Na biyu, a jefa ƙuri'a a gaban wakilan kowa, amma a raba biyun da aka san sun fi ƙarfi, ɗaya a wannan ɓangare ɗaya a wancan, don kada wasan ƙarshe ya auku a ranar farko.

Na uku, a rubuta dokar canjaras da ta shekarun 'yan wasa tun ba a taɓa ƙwallo ba, kowa ya sa hannu. Yawancin rigimar fili daga dokar da aka ƙago bayan an tashi wasa ta ke fitowa, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu, a tuna da aibin tsarin: rabin yara wasa ɗaya su ke yi su koma gida, alhali kuwa su ne suka fi bukatar koyo. Maganinsa a haɗa waɗanda aka fitar a zagayen farko su yi tasu ƙaramar gasa da nata ɗan kofi.

8. Kammalawa

Gasar 2019 ta nuna fuska biyu na sili-ɗaya-ƙwale a fili guda. Babbar ƙungiya wadda ta ci lig sau huɗu sai da ta shekara 29 kafin ta taɓa kofi, wadda kuma aka kora daga ajin manya saura bugu ɗaya ta ɗauke shi, har ta wakilci ƙasa a waje. Ƙofar da Tornadoes ta bi, ita ce dai a buɗe ga Wurno da Rabah da Goronyo kowace shekara. Abin da ya rage shi ne a sami ƙungiya mai rajista, da fili, da malamin da ya san lissafin jadawali. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya sa mu ga ranar.